Ƙugiyoyin Baba a Reshen Giyayya

Zuwa ga yayana Ilu a Kano, gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina iyali? Yaya haƙurin rashin Baba?

Jiya na ɗauki siririyar fatsarsa mai gashin zabo, na nufi koramar Guci, inda ciyawa ta rufe ruwa. Jifan farko zaren ya sarƙe a reshen giyayya. Ka tuna faɗan da yakan yi mana: "Ni ban taɓa kama itace ba!" Da na hau in kwance, sai ga ƙugiyoyinsa huɗu a rataye, duk sun yi tsatsa. Na yi dariya, Yaya, sannan kuka ya ƙwace mini. Can na bar su.

Ka gaida mutanen gida, ka sa shi a addu'a. Ban gaya wa kowa ba sai kai.

Ƙanenka, Mamman.