Wutar da Baba Ya Hura da Sunansa

Montevideo, 14 ga Yuli

Zuwa ga Yaya Yamandú,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Mirta da yara. Allah ya ba ka sauƙin ƙafar nan, ya kuma raba ka da taurin kan da ke hana ka zuwa wurin likita. Mu nan lafiya, in aka cire sanyi. Kuna can Malmö kuna shan rana, mu kuwa damshin kogi ya shiga bango ya shiga ƙashi. Tarin Gwaggo Chela ya lafa, har ta koma zagin maƙwabta, ka san ta warke ke nan. Maigidana Néstor yana nan yana jan bas ɗinsa. Na zaɓi in rubuto maka ne don in na kira ka a waya kuka zai ƙwace min, kai kuma ka fara ba ni haƙuri tun ban kai ƙarshen zance ba.

Maganar Baba ce. Tun faɗuwar da ya yi a matakala watan Maris ba a barinsa shi kaɗai. Ni ina fita aikin shara a asibiti tun safe, Néstor yana kan hanya. Dabarar da ta rage mana ita ce fanshon girmamawa da majalisa ke ba waɗanda suka yi wa ƙasa hidima, tsufa kuma ya same su hannu babu komai, irin su marubuta da mawaƙa da tsofaffin 'yan ƙwallo. In ya samu, za mu iya biyan maƙwabciyarmu Doña Elvira ta benen ƙasa ta riƙa zama da shi da rana, ya ci gaba da kwana a ɗakinsa. In bai samu ba, sai gidan tsofaffi a Las Piedras. Na ce a raina, in akwai wanda ya cancanta ai Babanmu Eleuterio Cardozo ne. Shekara sittin yana sassaƙa gangunan candombe, kiɗanmu na gargajiya, kuma a zamanin soja, lokacin da aka tarwatsa unguwa kai ma ka bar ƙasar, shi ne bai bar kiɗan Lahadi ya mutu a titinmu ba.

Na je ofishin da ke karɓar buƙatun. Matar da na samu mai kirki ce, ta ce ta san sunan tun tana yarinya, amma sani ba ya shiga fayil, sai na kawo shaida a rubuce. To ka san Baba bai taɓa sa sunansa a jikin ganga ba, cewa yake mai kunne zai gane tasa. Sa'anninsa da za su tsaya masa kusan duk suna maƙabarta. Sai na tuna da akwatin Mama, Allah ya jiƙanta. Duk jaridar da ta ambaci Baba, duk takardar kanibal, bikin kaɗe-kaɗen titi na shekara-shekara, duk hoto, sai da ta yanke ta adana har shekara arba'in. Na kwana uku ina jera su, ina kuka ina dariya. Har da hotonka kana ɗan shekara tara, ganga ta fi ka tsawo, kunnuwa kamar marfin tukunya. Na zuba su duka a jakar cefane, na rataye a bayan ƙofa don kada in manta in kai ofis ranar Litinin.

Ranar Lahadi aka wuni ana ruwa. Da la'asar ya ɗauke, makaɗa suka taru a kusurwar titi kamar kullum, sun kai arba'in. Kwalaye da jaridun da suka tara don hura wuta duk sun jiƙe, fatu sun saki, in ka buga sai ka ce katifa kake duka. Samarin yanzu masu ganga mai noti ba ruwansu, su ɗaure kawai su wuce, amma gangunan Baba da ƙusa ake kafe fatarsu, in ba su sha wuta ba ba sa magana. Ina kicin ina suya, ban san ya fita ba. Kawu Pocho ya ce ya ga Baba ya sauko da jaka yana dogara sanda, ya durƙusa ya murɗa takardu ya kunna, aka jera ganguna kewaye da wutar, shi kuma yana bi yana ƙwanƙwasa fata da yatsa yana cewa a juya wannan, a janye waccan. Sai da hoton Mama ya fara naɗewa a wutar, sannan Kawu ya gane, ya kai hannu ya ƙone yatsu biyu. Abin da ya ceto bai cika tafin hannu ba.

Yaya, na yi wa mahaifinmu tsawa a tsakiyar titi, abin da ban taɓa yi ba, kuma har gobe ina jin kunyarsa. Da ruɗewar tsufa ce da na fi samun sauƙi. Wallahi hankalinsa garau yake, ya san abin da ke cikin jakar sarai. Ya dube ni ya ce, "Zulma, mutum arba'in na jira, fata ta yi sanyi, takarda kuma a bushe take. Me kike so in yi?" Daga nan ya ɗaga sanda aka fara. Gaskiya ɗaya ce, rabon da in ji gangunan nan sun yi kuka irin na ranar har na manta. Mutane suka leƙo ta tagogi, Gwaggo Chela ta fito da bargo tana taka rawa, ni kuwa ina tsaye da jaka wofi a hannu.

Kada ka ce in je babban laburare, na je. Sun tambaye ni kwanan wata, kwanan watan kuwa Mama ce ta sani. Yawancinsu ma 'yan jaridun unguwa ne da ba wanda ya adana. Na wuni biyu ina buɗe tsofaffin shafuka, abin da na samu hoto ɗaya ne, Baba ya sunkuya kan katako, a ƙasa an rubuta "wani mai sana'a". Na kai wa matar ofis shi tare da 'yan ƙonannun guntayen Kawu Pocho. Ta daɗe tana kallonsu, sannan ta ce za ta karɓa, amma kada ta yaudare ni, masu cikakken fayil ma sukan shekara biyu suna jira. Baba yana da tamanin da bakwai. Ƙasar nan ba ta manta mutanenta, sai dai ta fi iya tuna su in sun kwanta dama. Kawu ya ce in kwantar da hankalina, in Baba ya shekara goma a kabari za a sa wa titi sunansa. Na ce masa Allah ya ba shi tsawon rai ya je ya yi tafi.

Don haka aikin gama ya gama. Ranar ɗaya ga Agusta za mu kai Baba gidan tsofaffin. Gidan yana da tsafta, akwai lambu, an ce zai iya zuwa da ƙoƙon shayinsa na mate da ganga ɗaya, muddin ba zai buga ba. Da na gaya masa bai yi musu ba, abu ɗaya kawai ya tambaya, ko ana jin kiɗan Lahadi daga can. Na ce zan bincika. Shekaranjiya Lahadi na hau bas da gangan na je, na tsaya a tsakar gidan daga ƙarfe biyar har rana ta faɗi, na kasa kunne ta kowace kusurwa. Karnuka na ji, da wata rediyo. Da na dawo yana zaune a bakin taga yana jirana, na ce masa ana ji in iska ta juyo.

Ba aike nake nema ba, Yaya. In ƙafarka za ta ɗauki jirgi, ka zo kafin ƙarshen wata ka same shi a ɗakinsa. Ka gaishe min da Mirta, da Ulises da matarsa, da Irupé. Gwaggo Chela da Néstor da Kawu Pocho suna gaishe ku. Baba ma yana gaisuwa. In ka kira shi ya tambaye ka maganar iskar nan, don Allah ka ce haka ne.

Ƙanwarka,
Zulma