Filin Shanyarmu da Zanen Surukina

Gwaggo mai shawara, don Allah ki fitar da ni, na rasa inda zan sa kaina. Ni ce shugabar matan rukunin gidajenmu, irin benayen nan da ɗaki yake kamar akwatin ashana. A tsakiyarsu akwai fili, nan muke shanya tun ina amarya. Igiyoyi ne birjik, kowace mace ta san tata, kuma a nan ake jin wa ta haihu, wa ta yi yaji. Aibinsa ɗaya, da an yi ruwan sama ya zama tafki, ruwan ya gangara ɗakunan ƙasa.

To, hukuma ta ce za a gyara, ta turo mai tsara wurin. Wa za a turo? Mijin 'yata ta fari! Yaron kirki, ko ido ba ya haɗawa da ni. Ya tara mu, ya manna zanensa a bango: bishiyoyi, kujeru, wani kwari a tsakiya da zai shanye ruwan, har da fitilu masu aiki da hasken rana. Da ya gama bayani ya ce mai magana ta yi. Gwaggo, tsit kake ji! Matan suna satar kallona, wai surukina ne, kada su kunyata ni. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina wasa da bakin gyale. Da wane baki zan tambayi mijin 'yata inda za mu shanya zannuwanmu da su ɗan kamfai? Bawan Allah ya yi godiya, ya je ya shaida wa ofis cewa jama'a sun amince baki ɗaya.

Ko igiya ɗaya babu a zanen nan! Tun ranar ban huta ba. Waɗanda suka zama bebaye a taro, a falona bakinsu ya buɗe, har mai kitsonmu tana cewa na sayar da su don suruki. Na aiki 'yata wurinsa da maganar igiya, ta dawo tana dariya, wai ya ce taro ya riga ya wuce, shanya tana ɓata kyan wuri, kuma kowa da abin da ya karanta. Raina ya ɓaci, amma wallahi ina alfahari da shi, kuma wannan ne babban aikinsa na farko. Yanzu sa hannuna kawai ake jira motar haƙa ta shigo. In sa, in ɓata da matan da muka tsufa tare. In ƙi, in zubar wa ɗan mutane mutunci a ofishinsu. Yaya zan yi?

Surukar Injiniya

Hajiya, kin ba ni dariya, amma ajiye biron nan tukuna. An ce shiru ma magana ce, sai dai surukinki bai ji yaren ba, kuma ba laifinsa ba ne shi kaɗai. Ya tambaya, kun yi gum.

Ku ba shi haƙƙinsa. Inda ruwa zai bi, zurfin kwarin, da irin bishiyar da saiwarta ba za ta tsaga bene ba, wannan saninsa ne, kada ku tsoma baki. Ko duk kun ɗaga hannu, ruwa ba zai hau tudu ba, kuma masu ɗakunan ƙasa sun gaji da kwalfewa. Amma abin da za a yi da filin kullum, ku ne masu sani. Idan ya hana igiya, ba a rufa wata ba za a ɗaura ta a jikin 'yan bishiyoyinsa, su karye, aikin ya lalace. Shi da yake son a ci moriyar rana, ai kun riga shi, da ita kuke busar da kaya.

Ki daina aiken 'yarki, kada ɗakin aurenta ya zama kotu. Ki ba mai kitson nan jagorancin zama na gaba, tunda bakinta a buɗe yake. A gayyace shi filin ranar da aka fi wanki, ya ga yawan kayan da idonsa. Ku gaya masa buƙatarku, wato wuri mai rana da igiyoyin da za su ishe ku, ku bar masa neman inda za su zauna. Gyara zane tun yana kan takarda ba abin kunya ba ne, kuma zai koma ofis da aikin da masu unguwa za su tsare masa.

Matan ki gaya musu ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ke ma ki je, ko a bayan zanin da aka shanya ne ki tsaya, ki faɗi naki da bakinki. Yaron da ba ya iya haɗa ido da ke ba zai ji muryarki ya ƙi ba. Allah ya bar zumunci, ya sa ki sha inuwar bishiyoyinsa da jika a cinya.

Gwaggonku