Gwiwar Nasiru da Wasan Sallah

Zuwa ga jikana Nasiru, a Sakkwato.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da kawunka da iyalinsa. Mu nan Maradun sai godiya. Da hannuna nake rubuta wannan, da ɗan karatun da na samu a ajin manya na yamma, don haka kada ka yi wa rubutuna dariya.

Na ga hoton bidiyon da ka aiko kana hawa matakala babu sanda. Sau nawa na kalla, ban sani ba. Har kasuwar Talata na kai shi, masu albasa suka gaji da ni. Kakarka ta ce tun da aka haife ka ba ta ga bakina a buɗe haka ba.

To amma jiya aka faɗa mini ka amsa wa samarin unguwarmu za ka buga musu wasan ƙwallo na Sallah da 'yan Bakura. Nasiru, wane irin kunne gare ka?

Ka manta ranar da ka yi tsalle a filin makaranta, ka dira, gwiwar ta ƙi ɗaukarka? Ni na hana a kai ka asibiti. Na ce targaɗe ne, na ɗora ka a mashin zuwa wurin mai ɗori a Tsibiri, domin shi ya ɗora mini hannu lokacin da bijimin sa ya take ni. Ya ja ƙafar, ya ɗaure ta da kara, ya ce kada ka motsa. Mako shida kana kwance, cinyarka ta zube kamar ta tsoho. Sai da aka kai ka asibiti aka gano ashe ƙashi lafiya lau yake. Jijiyar da ke riƙe ƙoƙon gwiwa ce ta tsage, kuma ita ba a ɗora ta da kara. Wannan kuskurena ne, har yau yana cina.

Na kuma zauna a gefe ranar da likitar gashin ƙashi ta fara lanƙwasa maka ƙafar, kana zufa kana cizon riga. Ba na manta abin da ta ce: “Baba, ciwo yakan riga jijiya warkewa.” Ta ce ba kai ba ƙwallo sai cinyar ta yi ƙarfi daidai da ɗayar, sai ka iya tsugunawa a ƙafa ɗaya ba rawa, kana ɗumama jiki kafin kowane gudu. Kawunka ya ce atisayen ma ka fara tsallakewa. Kuma ka san filin namu: fako ne, duk tsaga da sawun shanu.

Samarin da ke kiranka ba su ne za su ɗauke ka zuwa bayan gida ba in ta sake tsinkewa. Ni na yi wannan, kuma bayana ba zai iya karo na biyu ba.

Ka zo Sallah, abokina, ka ci tuwon kakarka, ka ce ita matarka ce kamar yadda ka saba, ba zan yi faɗa ba. Amma in na gan ka da takalmin ƙwallo, wallahi kujerata zan kai tsakiyar fili in zauna, sai dai a fasa wasan.

Allah Ya ƙarasa maka sauƙi, Ya ba ka haƙurin da kake ƙi, Ya nuna mini ranar da likita da bakinta za ta ce ka koma fili.

Kakanka mai jiran amsa,
Malam Isa