Rigata Shuɗiya a Gaban Alƙali

Yorkshire, Ingila, Afrilu 1817

Zuwa ga yayata Keziah,

Gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah Ya sa ke da Amos da yara kuna lafiya a Kanada, sanyi bai takura muku ba. Mu nan sai godiya. Tarin Inna ya yi sauƙi har ta koma yi mana faɗa.

Wannan takarda a hannun Kawu Silas za ta iso miki, ki ƙone ta in kin karanta. Tun da mijina Jabez ya dawo daga yaƙin Faransa bai sami aikin saƙa ba, injin saƙa ya cinye sana'ar, burodi kuma ya gagari talaka. Kin san al'adar mazanmu in za su fasa injin: su shafa baƙin tukunya, su sa rigunan matansu don kada a gane su. To, gogan naki bai ga ta ɗauka ba sai shuɗiyar rigata ta zuwa coci, wadda ko makaho ya san tawa ce. Mai gadin masaƙar ya shaida rigar a daren da suka fasa injin, aka kama Jabez. Hukuncin irin wannan laifi kuwa rataya ne. Yaya, kafin su zo karɓar rigar, na kwana da allura a hannu.

Ranar shari'a alƙali ya sa aka kawo rigar, ya ce Jabez ya saka a gani. Ya yi ta kokawa da ita, ta ƙi wuce kafaɗarsa. Wata tsohuwa ta ce, "Malam alƙali, ai ko ƙafarsa ɗaya ba ta shiga wannan, bare shi ƙaton banza." Kotu ta ɓarke da dariya, mai gadi ya fara inda-inda, aka sallami mijina. Da aka tambaye ni, cewa na yi yunwa ta ramar da ni, shi ya sa na rage rigar. Gaskiya na faɗa, ranar da na rage ta ce kawai ba su tambaya ba.

Yanzu ya sami aikin haƙar hanyar jirgin ruwa, ya kuma rantse shi da kayana har abada. Dankali ya tsiro da kyau bana. Rigar ma dole in warware ɗinkinta kwanan nan, don ina da ciki wata huɗu, kuma ɗan zai tarar da ubansa a raye.

Ki gaida Amos da Lydia da takwarata.

Taki ƙanwa,
Tabitha