Farin zare, ƙulli uku

Daga wanka Isuhu, mai tsaron littattafai a gidan alƙali nan ƙasar Tasawa, zuwa ga ƙanena Sani, duk inda ƙafa ta ajiye ka a gabas. Gaisuwa mai yawa da aminci, da tambayar lafiyarka da gajiyar hanya. Bayan haka.

Wannan takarda ban ɗaure ta ba. Zan ba madugun ayarin da zai tashi zuwa Damagaram ranar Lahadi, shi kuma ya miƙa gaba, hannu zuwa hannu. Duk wanda ta faɗo masa ya karanta, babu laifi. In ya san wani dogo mai wushirya, wanda ke tsare mutum da tambaya har furarsa ta tsinke, to kai ne, a kawo maka.

Shekara bakwai ke nan da ka tafi Makka, ka ce uku za ka yi. Labarinka na ƙarshe wani alhaji ya kawo mana shekara biyar da suka wuce, ya ce ya gan ka a bakin ƙasar Wadai kana kwafar littafi a zauren wani malami. An ce matambayi ba ya ɓata. To kai da ka fi kowa tambaya, yaya aka yi?

Akwai maganar da ta sa na ɗauki alƙalami, zan zo gare ta. Amma bari in fara da abin da ya daɗe yana cina.

Ka tuna baƙon nan da ya sauka a zauren Malam, tsohon alƙalinmu, ya ba mu labarin wani gida a Masar da babu komai cikinsa sai littattafan shari'a? Ya ce akwai mutumin da ba shi da aiki sai ka faɗa masa mas'alarka, ya shiga ya fito maka da littafin tun guminka bai bushe ba. Ran nan ko tuwo ba ka ci kirki ba. Ni dai na san ba aikin hajji kaɗai ya fitar da kai daga gida ba.

To ka ga gidan? Yaya suke jera su, bisa girma, ko bisa babi, ko bisa sunan mai littafi? Gara ba ta kai can ba ne, ko suna da maganinta? Suna ba ɗalibi aro ya tafi da shi masauki? In suna bayarwa, me yake bari jingina? Shi kuma mutumin nan, a ka yake riƙe su duka, ko yana da irin abin da ka ƙirƙiro mana? In ya mutu fa, wa ke gadonsa? Wannan ta ƙarshe ita na fi son ka tambayo mini.

Namu ɗakin yana nan yadda ka bar shi. Gafakokin littattafan suna rataye a ragaya kamar ƙwaryar nono, ƙasa kuma na zuba toka saboda gara. Malam ya rasu shekara uku da suka wuce, Allah ya jiƙansa. Ɗansa Malam Abdu ke alƙalanci yanzu. Mutumin kirki ne, ba ya karɓar toshi, amma bai zauna cikin ɗakin nan kamar ni da kai ba. Abin da na ɗauko masa, shi yake gani.

Kafin ka sa hannu, ka san halin da muke ciki. Malam kaɗai ya san inda komai yake. Sai ya ce, “Ɗauko mini wancan mai warin hayaƙi,” alhali duk ɗakin warin hayaƙi yake. Ɗalibi ya wuni yana zazzage warƙoƙi, iska ta shigo ta gauraya babin gado da na alwala, mu kwashe kwana biyu muna bin kalmar ƙasan shafi don mu mayar da kowace wurinta.

Sai ka zo da zarenka. Ja na jini da rauni, baƙi na gado, rawaya na ciniki da gona, fari na aure. Kowace gafaka ka ɗaura mata nata a wuya, ka yi ƙulli ɗaya, ko biyu, ko uku, har gaba, don a bambanta ta da 'yan'uwanta. Sannan ka zauna rani biyu kana rubuta jerin mas'aloli, kowace da launinta da ƙullinta da warƙarta. Ɗalibai suka sa wa jerin suna jagaba, don shi ke gaban ayari. Malam ya yi dariya har da tari, ya ce mini, “Wanga ƙanen naka ya maida littattafaina awaki, kowace da igiyatta.” Amma bayan wata ɗaya shi ma da launi yake aikenmu.

Kana son ka ji ko yana aiki? Yana yi. Malam Buba, Bafillacen nan da ke sauka da shanunsa kusa da Gidan Amumune, ba ya ma jirana. In rigimar ɓarna ta tashi tsakanin makiyayi da manomi, sai ya shigo ya ce rawaya mai ƙulli huɗu, ya zauna ya karanta abinsa. Malaman da ke karantarwa a ƙauyuka suna zuwa ran kasuwa su duba abin da ya shige musu duhu. Dokar aronka ma tana nan, warƙa goma, ka bar hularka, a sa kara a gurbin. Akwai wani mai sanƙo daga garin Sarkin Hausa da ya yi damina guda ba hula, don ya rantse sai ya kwafe babin gado kafin ya karɓe ta.

Dokar Malam kuwa ɗansa bai taɓa ta ba. Ba a yanke hukunci da ka, sai an kawo nassi an karanta a gaban masu shari'a. Ka tuna yadda yake cewa, “Kai rumbu na mai ɓeraye, ba ka sanin abin da sunka ci sai ran awo.”

To, ga maganar. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Hatsin da ka bar wa matarka Dije ya ƙare tun shekara ta biyu. Ta koma gidansu a Urafane. Tun daga nan, duk kaka nakan ɗora wa jaki dammunan gero in aika mata, in ce daga gidan mijinta. Ina jin daɗin kaina a kan haka, ba zan ɓoye maka ba.

Bana jakin ya dawo da kayansa, ita ce ma ta koro shi. Ta durƙusa daga bakin zaure, ba ta ɗaga kai ba. Matar da shekara goma ba ta taɓa haɗa mini magana uku a jere ba saboda kunya, ran nan ta ce, “Malam, na gode da ɗawainiya, Allah shi saka. Amma ba yunwa ta kawo ni ba. Ni matar aure ce ko ba ita ba ce? Shi nika so a duba mini cikin littahi.”

Sa'o'inta duk suna da 'ya'ya uku, huɗu. Ita ko ɗaya ba ta da shi. Kai ma ka san shekarun haihuwa ba sa jiran ayari.

Ta kai ƙara gaban alƙali. Ya ce in nemo nassi.

Sani, sau uku ana zaman shari'a ina zuwa hannu wofi. Na farko na ce warƙoƙin suna wajen aro. Na biyu na ce ina tsoron gara ta taɓa su, sai na shanya. Na uku ban ma tuna ƙaryar da na yi ba. Kuma duk laifinka ne. Da a zamanin warin hayaƙi ne, sai in shekara ina nema da gaskiyata, babu mai cewa komai. Kai ka mai da shi abin da ba ya ɗaukar mutum lokacin shan ruwa. Na yi fushi da kai ƙwarai a kwanakin nan.

Ta sake takowa daga Urafane da ƙafa. Abin da na manta shi ne wanda ya kaɗa zaren. Tana amarya a lokacin, kana kai mata auduga kana tsaye a kanta kamar mai jiran tuwo. Ta ce, “Malam, ban iya karatu ba, amma zaren ga ni na kaɗa shi da hannuna. Hwarin shi na na aure, haka ya gaya mini. Littahin na ya ɓace, ko ko ba a so shi ganu?”

Na shiga ɗaki na buɗe jagaba. Ga shi nan da rubutunka mai karkata kamar gero bayan iska: matar wanda ya ɓata, farin zare, ƙulli uku.

Na karanta. Alƙali zai bincika, in ba a sami labari ba ya yanka mata shekara huɗu daga ranar, sannan ta yi takaba. Bakwai ɗin da suka wuce ba sa cikin lissafi. Wallahi daɗi na ji, kamar an ce mini ga ka nan a bakin gari. Shekara huɗu, ai ko a Masar kake ka iso.

Ina shirin mayar da warƙar sai idona ya faɗa gefe. Irin alamar nan taka da kake sa wa ɗalibai don kada su yi ragwanci: “Duba kuma ƙulli biyar, babin ciyarwa. Kada a tsaya nan.”

Na sauko da ƙulli biyar. Can aka ce shekara huɗun nan ta wadda miji ya bar wa abin ci ce. Wadda bai bar wa ba, alƙali ya yi ɗan jinkiri gwargwadon ganinsa, sannan ya raba auren in ta nema. In kuma wani ya ɗauki nauyin ciyar da ita don Allah, malamai sun rabu biyu, wasu sun ce ta zauna, wasu sun ce ba dole. A gefen nan ma ka yi rubutu: “Hatsin dangi kyauta ne. In ta ƙi, ta ƙi.”

Ga tambayar da ta fi duk na Masar. Yaushe ka rubuta wannan? Tawadar ta fi ta sauran shafin baƙi, irin wadda ka dafa da ranin da za ka tafi. Don ɗalibai ka rubuta, ko ka san hanyar gabas tana cin mutane, ka bar wa Dije ƙofa a buɗe? Ko ni ka rubuta wa, don ka san halin wanka da jakinsa? Na juya warƙar nan gaba da baya kamar za ta yi magana.

Da na kai ƙulli uku kaɗai, babu wanda zai sani. Alƙali ba zai tambaya ba, Dije ba ta karatu, kuma ba ƙarya na karanta ba. Daga hantsi har azahar ina zaune da gafaka biyu a cinya. Zan so in ce maka tsoron Allah kaɗai ya tashe ni. Akwai shi, amma akwai kuma kai. Na san in ka dawo, kafin ka tambayi lafiyar kowa za ka tambaye ni ko ana bin jagaba har ƙarshe.

Na kai duka biyun. Na karanta su a gaban jama'a, har da saɓanin malamai, har da abin da ka rubuta a gefe, na kuma faɗi sunan wanda ya rubuta.

Alƙali ya yanke cewa a aika nemanka, a jira zuwa ganin watan Layya. In ba ka zo ba, ba a kuma ji daga gare ka ba, Dije ba matarka ba ce. Aiken shi ne wannan takarda. Na san ko Barno da wuya ta kai kafin lokacin. Duk da haka, in tana hannunka, ajiye abin da kake kwafa ka taso. In ka iso bayan nan, kada ka ga laifinta, kada ka ga na alƙali. Ni na ɗauko littafin.

Dije ba ta yi murna ba, ba ta kuma yi kuka a gaban mutane ba. Da za ta koma ta tsaya a bakin zaure, ta kwance bakin zanenta, ta ajiye mini curin farin zare a kan tabarma. Ta ce, “Ya ce in aje mishi, wai jagaba bai ƙare ba. Shekara bakwai yana wurina. Yanzu kai za ka riƙe.”

Ina kewarka, ƙanena. Ɗakin nan ya yi mini shiru, babu mai tsare ni da tambaya.

Allah ya sa kana raye. In kana raye, Allah ya buɗe maka hanyar gida, ya sa ka ga gidan nan na Masar ka zo ka ba ni labari. In kuma ka riga mu, Allah ya haskaka kabarinka, ya ba ka ladan duk mas'alar da aka samu da zarenka, har da wannan. Allah ya ba Dije wanda zai zauna. Amin.

Curin yana gabana yanzu. Na ɗauko wuƙa don in yanki abin ɗaure maka takarda, na kasa. Shi ya sa za ta zo maka a buɗe.

Wanka,
Isuhu