Uwar Mashigi a Ƙasar Toka

Rafin Ƙirya, Doguwa
9 ga Yuni

Zuwa ga abokina Mujitaba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, da su Baba da Umma, da amaryarka Fiddausi. Ya shago, ya mutanen Kiru? Mu nan sai godiya. Ruwa ya sauka, kowa ya koma gona, ajina ya ragu rabi.

Saƙonka ya same ni ranar Laraba, da na hau dutsen bayan makaranta, wurin da kaɗai waya ke kama sabis a garin nan. Sau uku na saurare shi. Amsar ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na ɗauko biro. Ɗanasabe direba zai ajiye maka takardar wurin mai shayin Kwanar Dangora.

Ka ce za ka tayar da wasanmu. Wallahi sai da na zauna a kan dutsen. Nan take na ga ɗakinmu na kwaleji, mu huɗu a kan tabarma, Habu yana jan labari, mu kuma kowa da mutuminsa a cikin labarin, in ka ce zai yi kaza a jefa ƙwayar ludo a ga ko ya dace. Kai da mayaƙinka da ba ya gaisuwa sai ya sara tukuna, Khalifa da ɓarawonsa, ni da mai warkarwata, Sabo Mai Gora. Tun da Allah ya yi wa Habu rasuwa ban sake jefa ƙwayar nan da kowa ba.

To ga matsalar. Ka ce kai za ka ja labarin, kuma ka ƙirƙiro sabuwar duniya, Ƙasar Toka, babu kogi babu tafki, da abubuwan bautarta guda uku, in zaɓa wa Sabo ɗaya. Ka fi kowa sanin dokar wasan: mai warkarwa ba shi da ƙarfin kansa, sai abin da uwargijiyarsa ta ara masa. Uwargijiyar Sabo kuwa Uwar Mashigi ce, wadda Habu ya ƙirƙira a Ƙasar Koguna Bakwai, mai ƙetarar da matafiya. Sai Sabo ya tsoma gorarsa a kogi kafin ya warkar da ko ƙurji. Shi ne za ka ce ya koma bawan Maƙerin Sama, ɗaya daga cikin ukun nan naka? Sabon da ko wuƙar yanka albasa ba ya riƙewa?

Na san abin da za ka ce. Tatsuniya ce, Allah ɗaya ne, kamar yadda Habu ke sa mu faɗa kafin ya buɗe littafinsa, in an kira salla kuma ya rufe ko da dodo ya ɗaga hannu. Ban manta ba. Amma ni ba zan sauya wa Sabo uwargijiya ba. Duniyar taka ce, a kanka take, babu mai hana ka. Ka haƙa mata kogi ɗaya, ko ƙorama ce na yarda.

Ka gaida Khalifa, ka ce na ji ya yi tumbi.

Naka,
Ukasha

Rafin Ƙirya
4 ga Yuli

Mujitaba,

Assalamu alaikum. Da fatan kun wuni lafiya, jikin Umma kuma ya yi sauƙi. Allah ya ƙara afuwa.

Na ga amsarka, kuma raina ya ɓaci, gara in gaya maka. Wai in ka sa kogi duniyar ta rushe, saboda duk labarin a kan ƙishirwa ka gina shi. Na ji. Taurin kanka dai aure bai rage shi ba.

Duk da haka na yi ƙoƙari. Na mayar da ita uwar rijiyoyi, sai na ga ai rijiya ba a ƙetare ta, faɗa mata ake yi. Na mayar da ita uwar raɓa, Sabo ya riƙa tashi da asuba yana tara ɗigo a gora, sai ya zama abin dariya, har na ji muryar Khalifa yana tsokanata. Na ce to ko fatalwar kogin da ya ƙafe ce, na rubuta shafi biyu, na yage. Ba na son in kashe ta don ta samu shiga duniyarka.

Babu wanda zan yi shawara da shi a nan. Mutanen garin suna da kirki, suna aiko mini da ɗanyar masara da nono, amma hirarsu taki da farashin buhu. Da an tashi daga makaranta sai ni kaɗai da awakin da ke fakewa a baranda. Rannan bayan la'asar ina zaune a ofis ina jefa ƙwayar ludo a kan tebur ina rubutu, hedimasta ya leƙo ya tsaya yana kallona. Ya ja ni gefe ya yi mini nasiha a kan masu duba, ya ce yaro mai ilimi kamata bai dace da wannan hanya ba. Na yi ta rantsuwa wasa ne, na fara yi masa bayanin Sabo da gorarsa, sai na ga ina ƙara ɓata lamarin. Na dawo ɗaki ina dariya, sai na tuna babu wanda zan ba labarin.

Ka ce mafita ɗaya ce: in kawo littafin Habu mai koren bango, a ga abin da shi ya rubuta a kanta, in akwai abin da zai zauna a Ƙasar Toka ka karɓa. Ka ce littafin yana wurin Innarsa a Bebeji. Ka kuma ce Asabar ta farko a Satumba za a fara, in ban daidaita ba ƙanin Fiddausi zai karɓi gurbin mai warkarwa. Ban ji daɗin wannan ba, amma ban ga laifinka ba.

Sai dai ka duba, daga Kiru zuwa Bebeji tafiyar achaɓa ce. Ni kuwa sai na ƙetare rafi, na ratsa daji, na sauka Tudun Wada, na sake mota. Don Allah ka je ka karɓo, ka aiko mini ta hannun Ɗanasabe.

Ka huta lafiya.

Abokinka,
Ukasha

Rafin Ƙirya
21 ga Agusta

Ɗan'uwana Mujitaba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida mutanen gida. Ka yafe mini shirun da na yi. Takardarka ta fi wata a aljihuna, har ta fara yagewa a wurin ninki.

Ka ƙi zuwa Bebeji, ka ce Inna ta gan ka ya fi sau goma, ni ne ba ta gani ba. Ka tambaye ni me ya hana ni zuwa yi mata ta'aziyya shekara biyu cur. Ka ce damina dai wata huɗu ce. Gaskiyarka. Yau zan gaya maka abin da ban taɓa gaya wa kowa ba.

Ka tuna saƙon da ka turo mini, cewa Habu yana kwance a asibiti, jikin ya yi tsanani, yana kiran sunana. Na ce maka rafi ya kawo, hanya ta yanke. Rafi ya kawo, wannan gaskiya ne. Amma hanya ba ta yanke ba. A nan in ruwa ya cika akwai masu fito, ƙarti huɗu da manyan goruna. Kana rungume da gora, ɗaya yana ja ɗaya yana turawa, kayanka a kan na uku. Haka ake ƙetarewa duk damina. Ranar na zo bakin mashigin da jakata, na cire takalmi, na naɗe wando. Na ga ruwan ja wur yana tafe da rassan itace, na ja na tsaya a gaɓa. A gabana aka ƙetarar da mai babur. A gabana aka ƙetarar da wata tsohuwa Bafulatana da ƙwaryar nononta. Babban masu fiton ya miƙo mini gora har sau biyu. Na ce na yi mantuwa a gida, na juya. Na ce gobe ruwan zai ja baya. Da gobe ta yi na hau dutse, na tarar da saƙonka na biyu.

Shekara uku ina wasa da mutumin da aikinsa ƙetarar da bayin Allah, ina cika baki a kan tabarma, ranar da aka nemi in ƙetare da ƙafata na kasa. Bayan ruwa ya janye kunya ta hana ni, da aka daɗe kuma daɗewar ta zama wata kunyar. Da wane ido zan kalli Inna? Matar da in mun je hutu take ajiye mini ƙanzon tuwo saboda ta san ina so.

Ina jin shi ya sa na kafe a kan Uwar Mashigi. Ita kaɗai ta rage mini a cikin abin da Habu ya ba ni da hannunsa, ina ganin in na bari aka taɓa ta na sake juya masa baya. Kullum ina yi masa addu'a, amma nauyin bai sauka ba. Kaɗaicin garin nan ma ni na zaɓe shi, sau biyu ana ba ni canjin wurin aiki ina ƙi.

In ka ba ƙanin Fiddausi gurbin, ba zan yi fushi ba.

Naka,
Ukasha

Bebeji
30 ga Agusta

Mujitaba,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ka duba saman takardar nan da kyau, ba kuskure na yi ba.

Ba ka amsa waccan wasiƙar ba, na kuma gode, don da ka lallashe ni da na samu wurin fakewa. Shekaranjiya na ƙetare. Ruwan ya fi na wancan karon. Na rungume gorar kamar zan fasa ta, na rufe ido, na karanta duk abin da na haddace har da wanda ba na wurin ba. Na sha ruwa ya kai kofi biyu. Masu fito suna ta yi mini dariya, wai malamin makaranta ya fi buhun masara wuyar ɗauka. Kada ka gaya wa Khalifa.

Na iso Bebeji bayan azahar. A ƙofar gidan, ƙarƙashin dalbejiyar nan, yanzu akwai randa da moɗa a kan murfinta. Na tarar da wani mai tura kura da wasu mata masu tallar gyaɗa suna sha. Daga baya na ji Inna ce ta ajiye, sadaka ga Habu, kullum da safe ita ke cika ta da hannunta, ba ta yarda wani ya taya ta ba. Na fi minti goma a wurin ina gyara maganar da na shirya tun daga Tudun Wada.

Ban samu faɗar ko kalma ɗaya daga ciki ba. Ina yin sallama ta gane muryata, ta kira ni da ɗan Doguwa kamar da. Na durƙusa na yi mata gaisuwa da ta'aziyya. Ta amsa, ta yi wa Habu addu'a, ta ce na rame, ta tambayi ko ana ba ni abinci a can. Ta tashi ta ɗumama tuwo, ta kankaro mini ƙanzo. Ina ci ina jiran tambayar, har aka kira la'asar ba ta zo ba. Da na fara cewa ina da abin da zan roƙi gafara a kai, sai ta ce in ci abinci kada ya huce.

Littafin yana cikin akwatinta, a naɗe da ɗankwali. Ta ce da farko sunayen ciki sun tsorata ta, har ta kai wa limamin unguwa. Ya karanta shafi uku, ya yi murmushi, ya ce tatsuniyar samari ce, ta ajiye abinta.

Na buɗe ina zaton zan ga shafuka a kan Uwar Mashigi. Ka san Habu, dodon ƙarƙashin gada ma sai da ya rubuta masa tarihin kakanni. Layi biyu kacal na samu, da jan biro: "Uwar Mashigi. Tana jiran wanda ya makara a hanya, ta ba shi ruwa, ta kai shi gaba. Ba ta tambayar abin da ya makarar da shi." A gefe da ƙananan baƙaƙe ya sa: "kamar Inna."

Babu kogi a ciki, Mujitaba. Kogin nata da gorar da tsomawar duk ni na ƙara a bakin wasa, shi kuma ya bar ni. Na fita waje na zauna kusa da randar na yi kuka, mai kura yana ba ni haƙuri bai san dalili ba.

Ga abin da nake so, ka duba in zai zauna. A bakin Ƙasar Toka, inda hanya ke shiga wurin da babu rijiya, a sa wata tsohuwa da randa. Sunanta yana nan, don mashigi mashigi ne ko da ruwa ko babu. Sabo zai cika gorarsa a wurinta, ƙarfinsa kuma yana nan muddin bai wuce mai ƙishirwa ba, ko abokin gaba ne. In ya wuce, gorar ta bushe har sai ya koma. Ba ka buƙatar haƙa ko ƙorama, ƙishirwar labarinka ma ta fi dacewa da ita.

Inna ta ce ba zan tafi ba sai na kwana uku, yau da safe kuma ta bar ni na cika randar. Ranar Asabar ina tafe Kiru da littafin, ka ajiye mini wurina a tabarma. In ka ja labari muka iso wurin tsohuwar, ka ba ta muryar da ka ga dama. Abu ɗaya na roƙe ka, kada ka sa ta tambayi kowa me ya tsayar da shi.

Inna tana gaishe ka. Ka gaida Fiddausi da Khalifa. Allah ya jiƙan Habu, ya sada mu da alheri.

Naka har kullum,
Ukasha