A Cire Fuskata, A Mayar Da Ayu Ruwansa

Zuwa ga Alhaji,
Mai Lambun Shaƙatawa na Gindin Marke,
Kontagora.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta 'ya ga mahaifinta, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali baki ɗaya.

Sunana Balkisu, ɗaliba a aji biyu na babbar sakandare a nan garin. Ba ka san sunana ba, amma ka san fuskata. Ita ce a babban allon talla na ƙofar lambunka, da kuma wanda aka kafa kusa da tashar mota: yarinya mai farin hijabi, tana murmushi, ta ɗora hannu a bayan ayu. Ni ce wannan.

Ni ba mai magana ba ce. Ko a aji malami ya tambaye ni abin da na sani, muryata maƙalewa take yi. Na zo ƙofar ofishinka domin in faɗa maka wannan a asirce, mai gadi ya ce mini, "Alhaji ba ya ganin yara, je ki gida." Na sake dawowa, ya ce ko aiki nake nema. Shi ya sa na rubuta a fili. Mahaifina ya karanta, sannan ya ce in aika.

Ga waɗanda ba su taɓa shiga lambun ba: a can ƙarshensa akwai wani kwami na siminti wanda bai kai faɗin ɗakin ajinmu ba. A ciki aka ajiye ɗan ayu, wanda aka ce daga tafkin Kainji aka kawo shi. Ayu ba kifi ba ne. Dabba ce ta ruwa, tana shaƙar iska kamar mu, tana haihuwa, tana shayar da ɗanta nono. Makarantarmu ta kai mu ganinsa da bazara, lokacin da ko takalmi sai ya ɗauki zafi a ƙafa.

Ga abubuwan da suka sa na ɗauki biro.

Na farko, ruwan.

Da muka isa, kwamin a cike yake, ruwan kuma kore shar, ba a ganin komai sai ɗan hanci da ke leƙowa ya koma. Mutane suka fara ƙorafi. Wani mutum ya ɗaga murya ya ce, "Kuɗinmu muka biya mu kalli ruwan datti?" Sai mai kula da kwamin ya zagaya baya ya buɗe bututu. Muna tsaye ruwan ya yi ta sauka, har ya dawo iya gwiwar mutum, cikin ayu ya taɓa ƙasa, bayansa ya fito fili a rana. Aka yi ta tafi.

Daga baya na gane ba ranar kaɗai aka yi haka ba. Tsarin wurin ke nan: duk ranar da mutane suka cika lambun, sai a rage ruwa don kowa ya gani ya ɗauki hoto, ba a sake cikawa sai la'asar sakaliya. Alhaji, wannan dabba Allah ya halicce ta don ta zauna a ƙarƙashin ruwa. Bayanta ya tsattsage kamar ƙasar fadama da rani. Kuma maimakon a daina, sai aka samo dabara: mai kula ya zo da gwangwanin man kaɗanya ya shafe bayan, wai don ya yi laushi, ya kuma yi ƙyalli a hoto. Man kaɗanya, a tsakar rana, a kan fatar da ta riga ta ƙone! Ko naman suya haka ake yi masa kafin a ɗora a wuta.

Na biyu, hotona.

Bayan an shafa man, mai hotonku ya dubi layinmu ya ce, "Ke mai farin hijabi, zo nan, taɓa shi." Na noƙe. 'Yan ajinmu suka turo ni gaba. Na durƙusa a bakin kwamin na ɗora hannu. A ƙarƙashin maiƙon na ji tsagar fatar a tafin hannuna, na ji zafinta, na ji jikin yana rawa. Ayun ya juyo da ɗan ƙaramin idonsa, ya yi wani siririn kuka wanda ina jin ni kaɗai na ji saboda surutu. Mai hoto ya ce, "Yi dariya mana, ko mutuwa aka yi muku?" Kowa ya fashe da dariya, ni ma na yi murmushi don kunya ta kama ni, ina so a ƙyale ni in tashi.

Wannan murmushin ne kuka buga, kuka rubuta a ƙasa cewa yara su zo su yi farin ciki. Ba wanda ya tambaye ni. Ba wanda ya tambayi mahaifina. Yanzu a makaranta "Matar Ayu" ake kirana, in na je kasuwa masu acaba suna nuna ni. Wannan zan iya jurewa. Abin da ba zan iya jurewa ba shi ne a yi ƙarya da fuskata. Ban yi farin ciki ba ranar nan. Da na koma gida na wanke hannuna da sabulu har ya yi ja, ban iya cin tuwo ba.

Na uku, uwarsa.

Kakata a bakin ruwa ta girma, can wajen tafkin. Da aka nuna mata hoton a waya, ni ba ta ma kalle ni ba. Ta matso da wayar kusa da idonta ta ce, "Wannan ai jinjiri ne. Ina uwarsa?" Na ce ban sani ba. Ta ce a wajensu ba a ganin ɗan ayu shi kaɗai, kullum yana manne da gefen uwa. Ta ajiye wayar ta ce, "To, ko dai an kashe ta, ko tana can tana nema."

Ni ma tambayar da nake yi maka ke nan, Alhaji. Wanda ya sayar maka da shi, ka tambaye shi yadda ya raba su? Malamarmu ta kimiyyar halittu ta ce doka ta hana kama ayu, domin sun yi ƙaranci. Ni ban san doka sosai ba. Amma na san cewa muddin akwai mai saye, masu kamawa ba za su daina ba.

Na huɗu, maganar ilimi.

Ranar da muka zo, manajanka ya yi mana jawabi. Ya ce a wata tafiya ka ga wani katafaren wuri inda dabbobin teku da ake kira dolfin suke tsalle suna wasa da ƙwallo, sai ka ce yaran Kontagora ma ba za a bar su a baya ba. Na yarda niyyarka ke nan, kuma ba na raina ta. Ni ma na kalli irin waɗannan bidiyoyin a waya, a da suna burge ni. Yanzu in na gani, bangon nake dubawa. Dabbar da aka halitta don teku, komai kyan tayil ɗin da aka manna mata, a cikin kwami take. Can suna da kuɗi, suna da likitoci, amma ko can ɗin mutane suna ta faɗa a kan a daina. Mu kuma muka kwaso abin, muka bar likitocin, muka kawo gwangwanin man kaɗanya.

Me muka koya ranar nan? Ba wanda ya gaya mana abin da ayu yake ci, ko yadda yake rayuwa. Abin da 'yan ajinmu suka koya shi ne, in ka biya kuɗin ƙofa kana da ikon zungurar dabba da kara don ta motsa. Na ga yara suna jefa masa biskit da cingam da ledar ruwa. Iyayensu suna tsaye suna ɗaukar bidiyo.

Makon jiya na koma ni kaɗai, da kuɗin tarata na makaranta. Ayun ya rame. Ganyen kabejin da aka zuba masa yana yawo a kan ruwa bai taɓa ba. Ya kafa hancinsa a kusurwa ɗaya yana gogawa, har wurin ya yi ciwo, ƙudaje suna bi. Na tambayi mai kula ko yana ganin zai rayu. Ya duba hagu da dama ya ce, "'Yata, ni abin da aka ce in yi nake yi. Da dare ina cika masa ruwa har baki." Don Allah kada a kore shi saboda wannan wasiƙa. Ba shi ya sayo ayu ba, ba shi ya kafa allo ba.

A Islamiyya an karantar da mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba. Na san ka fi ni sanin wannan nesa ba kusa ba. Ban kawo shi don in yi maka wa'azi ba. Na kawo shi ne don tun ranar nan nake jin tsoro, saboda hannuna yana cikin hoton.

Ga roƙona:

Ɗaya, daga yau a daina rage ruwan, ko wa ya yi ƙorafi, kuma a yi wa kwamin rumfa.

Biyu, a kira jami'an kula da namun daji da likitan dabbobi su duba shi, su faɗi yadda za a mayar da shi tafki ba tare da ya mutu ba. In sun ce bai isa ya rayu shi kaɗai ba, a ba su shi su kula da shi. Kada kuma a sayo wani.

Uku, a sauke hotona daga alluna biyun.

Sallah ta matso, kuma kowa ya san yadda lambunka yake cika kwana da kwanaki. In aka bi tsarin da aka saba, ruwan zai wuni a ƙasa tun safe har yamma, kullum. A yadda na gan shi makon jiya, ba na jin zai kai ƙarshen bikin. Ƙanwata Nana, 'yar shekara biyar, tun yanzu ta fara rigima wai ranar Sallah a kai ta wurin "kifin Yaya". Allon ta gani. Ta ga ina dariya, ta ɗauka wuri ne mai daɗi. Yara nawa ne a garin nan suke yi wa iyayensu irin wannan rigimar saboda fuskata?

Saboda haka ina sanar da kai, cikin ladabi: in Sallah ta zo ayu yana nan kuma allon yana nan, zan zo. Ba zan shiga ba, ba zan zagi kowa ba. Zan sa wannan farin hijabin in tsaya a ƙarƙashin hotona, duk wanda ya dube ni ya dubi allon, in gaya masa abin da hannuna ya taɓa. Na san muryata za ta yi rawa. Zan faɗa a hakan.

Allah ya ƙara maka lafiya da arziki na halal, ya raya maka zuriya, ya sa ka zama sanadin ceton wannan rai ba ajalinsa ba.

Wassalam.

'Yarka,
Balkisu,
yarinyar da ke jikin allo.